Na Ce Wa Ƴata Ta Bi Ta Ɓarauniyar Hanya

Gaisuwa ga edita da masu karatun wannan fili. Ni mutumin Madarumfa ne, masunci, ina kuma da ɗan lambu a bakin tabki. A shekarun da zan ba da labarinsu, in ka sauka tasha ka tambayi wanda ya fi kowa baki, ni za a nuna maka. In na kama tarwaɗa mai kaurin hannu, kafin in kai teburin mai shayi ta yi kaurin cinya, kafin a zuba kofi na uku sai an nemo amalanke a ɗauke ta. Mutane sun san halina, in na faɗi magana su da kansu suke rage mata tsawo. Ban ɗauki wannan hali a bakin komai ba sai da ya kusa cin karatun ƴata.

Ita ce ƴar farina, don haka ban taɓa kama sunanta ba, ban kuma taɓa zama mun yi doguwar hira ba. Yarinyar nan nake ce mata. A hannun ƙanwata, gwaggonta, ta tashi, kuma duk maganar da ke tsakaninmu ta bakin gwaggon take bi. Tun tana ƙaramar lakwal, wato firamare, ba a taɓa shiga gabanta ba, har ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta samu gurbin karatu a wata ƙasar Turawa mai sanyin tsiya. Bursin da aka ba ta, wato tallafin karatu, bai isa komai da komai ba, amma takardar zamanta ta ba ta damar yin aiki bayan darasi, sai ta kama aiki a gidan burodi. Ni kuwa na samu abin faɗi. Na shaida wa majalisarmu ta teburin mai shayi cewa shugaban ƙasar ba ya karyawa sai da burodin da ta gasa. Na kuma yi wa ƴan ƙungiyarmu ta lambu alkawari, ba tare da na tambaye ta ba, cewa za ta aiko mana injin ban ruwa wanda in ba a yi hankali ba zai shanye tabkin kafin azahar.

Ana nan sai wata Juma'a gwaggonta ta zaunar da ni ta ce dokar ƙasar ta canza. An rage lokacin da ɗalibi baƙo zai yi aiki a mako, wanda ya wuce haka za a iya ƙwace masa takardar zama. An kuma ce izinin aiki bayan gama karatu ba kowane fanni za a ba ba, kuma fannin kasuwanci da yarinyar ke yi ba ya ciki. Na yi dariya har hulata ta faɗi. Mu fa mutanen bakin iyaka ne. Tun ina saurayi nake kai bandar kifi kasuwar Jibiya, kuma sau nawa aka ce an rufe iyaka? Ranar da aka rufe babbar hanya, ranar ake buɗe ƙanana ta cikin gonaki. Ka hau babur, ka gai da wanda ka tarar, ka miƙa na goro, ka wuce. A wurinmu doka kamar damina ce, in ta sauko sai ka raɓe ka jira ta ɗauke. Na ɗauka ko'ina haka duniya take.

Akwai wani mutumin yankinmu da ya daɗe a can, yana da wurin wankin mota, yana ɗaukar ɗalibai aiki a ɓoye ya biya su hannu da hannu. Ɗan wani abokina na garin Safo ma can yake yi, kuma ni na ƙarfafa wa uban gwiwa, na ce ɗansa ne mai wayo. Sai na ce wa gwaggo ta faɗa wa yarinyar nan umarni ne daga gare ni, ta je ta kama aiki a wurin. Amsa ta dawo da ladabi amma a tsaye. Ta ce a gaishe da Baba, a ce ya yi haƙuri. Ta ce da hannunta ta sa hannu kan sharaɗin mutanen nan ranar da suka karɓe ta, kuma ba za ta ci abincin gida tana haura katangarsa ba. Ta ƙara da cewa a can ba mutum ne ke tsaye a shinge ba balle a gaishe shi, na'ura ce, ita kuwa ba ta cin goro.

Na yi fushi irin na uban da aka kunyata. Na daina zuwa gidan ƙanwata ranar Juma'a, ranar da yarinyar ke kira. A majalisa kuwa na sha ba'a. Suka laƙaba mini Baban Inji. In na iso sai wani ya ce a matsa da kujeru kada injin ya take mutane, wani ya ce a gaggauta yin alwala kafin a shanye tabki. Ina dariya tare da su don dole. Abokina na Safo ya rufa ɗakinsa da sabon kwano da kuɗin da ɗansa ke aikowa, ni kuma ina ta jan ruwa da guga.

Abin da ban sani ba shi ne halin da take ciki. Ƙanwata ce ta biyo ni har lambu, muciya a hannu don daga tuƙin tuwo ta taso, ta ce mini Yaya, girmanka ne kawai ya hana ni amfani da wannan. Ta ce yarinyar ta bar ɗakinta ta koma cunkoso da wasu ƴan mata, ta daina shiga mota tana taka ƙanƙara zuwa makaranta, abincinta tuwon masara da miyar kukar da muka ƙulla mata. Ta bi ofis-ofis ta canza fanni zuwa aikin ruwa da noman rani, wanda sabuwar dokar ta yarda da shi, ko da yake hakan ya ƙara mata shekara. Kuma duk kiran da ta yi sai ta tambayi ko ciwon bayan Baba ya yi sauƙi. Na goge hawaye, na ce wa ƙanwata hayaƙin bandar kifi ne ya shiga mini ido. Ta duba ko'ina ta ce ita ba ta ga wuta ba.

Ba a daɗe ba ma'aikatan shige da fice suka dira wurin wankin motar. Duk ɗalibin da aka samu ya wuce ƙa'ida aka soke masa takarda. Ɗan abokina ya dawo da jaka ɗaya da wata jibgegiyar rigar sanyi, babu shaidar karatu, alhali saura kaɗan ya gama. Ubansa shanun nomansa ya sayar ya tura shi. Na je Safo yi musu jaje, na zauna a zaure. Yaron ya durƙusa ya gaishe ni, gaisuwar nan ta fi mari zafi. Ita kuwa yarinyar nan, da lokacin sabunta takardarta ya zo, aka duba ba a samu ko ɗigo ba, aka sabunta mata.

Juma'ar da ta biyo na je gidan ƙanwata na ce a ba ni salular, wato wayar hannun. Ƙanwata ta dube ni kamar ta ga kifi ya hau bishiya. Na ajiye kunyar ƴar fari na yi magana da ita kai tsaye, na ce na yi kuskure, ita ce ke da gaskiya. Sai ta ce ai wurina ta koya. Ta tuna mini wata shekara tana ƙarama, da aka hana shiga tabki don kifi ya hayayyafa, masunta da yawa suka riƙa satar shiga, ni kuwa ban jefa koma ko sau ɗaya ba. Ta ce duk ranar da yunwa ta matsa mata a can, wannan take tunawa. Jama'a, a shekarar nan kwalekwalena ne ya huje, ba ni da halin gyara. Na faɗa mata haka, ta yi dariya har ta ƙware, ta ce to Allah Ya yi wa hujin albarka.

Yanzu ta gama, tana aiki da izininta a fili. Injin ma ya iso daga baya, ɗan ƙarami ne, tabkin bai ma san da zuwansa ba, amma albasarmu ta sani. Ɗan abokina shi ke kula mana da shi, kuma duk ranar da na gan shi sai na tuna da bakina a cikin abin da ya same shi.

Iyaye ƴan'uwana, musamman mu na bakin iyaka, in ɗanku yana karatu a waje ya ce doka ta canza, ku saurare shi, shi ke can. Kada ku auna ƙasar mutane da hanyar Jibiya, kada kuma ku ɗora masa alkawarin da kuka yi a teburin mai shayi. Ni har gobe ina ƙara wa tarwaɗa tsawo, wannan ba zan iya bari ba. Amma in ana zancen yarinyar nan, yadda abin yake nake faɗa, ban taɓa ƙara komai ba, kuma majalisa ba ta taɓa ragewa ba.