Ranar Da Muka Haɗa Wutar Teku Da Ta Gari

Mun tashi da asuba daga unguwar Matar Qadeem da ke birnin Doha a motar kamfani, ni da shugabar aikinmu, wata injiniya 'yar Jos da muke kira Madam, sai direba ɗan Kano. Rana ba ta fito ba amma riga ta riga ta manne a baya. Muka tsaya wani ɗan shago muka sha karak, shayin nan mai kauri da ko Bahaushe mai son sukari sai ya ɗan yamutsa fuska. Daga nan muka miƙa arewa, titi shimfiɗe, babu rami ko ɗaya da zai hana direba gyangyaɗi.

Kamfanin da nake wa aikin lantarki ya kafa 'yan fankokin iska masu samar da wuta na gwaji can cikin teku. Wayoyi biyu ne suka bi ƙarƙashin ruwa zuwa gaɓa. Ta farko, layin AC, tana kai wuta kai tsaye, duk abin da iska ta yi sai gari ya ji a jikinsa. Ta biyu, layin DC, sai wutar ta ratsa wasu manyan na'urori sun daidaita ta tukuna. Aikinmu mu gwada su.

A jirgin ruwa na gane ni ɗan tudu ne. Karak ɗin nan duk na mayar wa teku. Matuƙin, wani dattijo Ba'indiye, ya dubi sama ya ce iskar arewa na tafe, mu yi sauri.

Da muka hau dandamalin ƙarfen da ke tsakiyar fankokin, muka shiga ɗakin na'urori, muka fara da layin AC. Da farko lafiya lau. Can sai iska ta taso, tana bugowa tana saki. Allurar mita ta soma rawa, ta hau ta sauko. Rediyon sadarwa ya yi ƙara, ma'aikacin tashar wuta ta gaɓa ne. Ya ce in aka ci gaba haka tashar za ta kashe kanta, kuma ita ke ba gidajen leburori da famfunan ruwa wuta. Tsakar rana ce, a zafin da ƙarfe ma ba ya taɓuwa.

"Madam, in yanke?" Hannuna na kan makunni.

"Kar ka taɓa, Malam! In ka yanke da wannan nauyin wutar a kan layi, kai da kanka za ka jefa su cikin duhu. Bari in rage fankokin."

Ta duƙufa kan kwamfuta tana rage musu ƙarfi ɗaya bayan ɗaya. Dandamalin na girgiza, gumi na shiga mini ido, ban iya sharewa ba. Rediyo sai "yalla, yalla" yake yi, wato a yi sauri. Ina ta salati a zuci, ita kuma na ji tana kiran sunan Yesu ƙasa-ƙasa.

"Yanzu!" in ji Madam.

Na ja. Fitilun ɗakin suka ɗauke, suka dawo da batir. Muka kunna layin DC, muka zuba wa mita ido. Iska ba ta fasa hauka ba, amma allurar ta hau a hankali ta tsaya cak. Rediyo ya yi shiru har na zaci an rasa tashar. Sai muryar ta dawo: "Khalas, shi ke nan. Komai daidai."

Madam ta zauna a ƙasa daɓas, ta ce in miƙo mata ruwa.

Mun dawo Doha da magariba, fitilun benaye duk a kunne, mutane na shiga kanti abinsu, ba wanda ya san abin da ya kusa faruwa. Da can na ɗauka samar da wuta shi ne aikin. Wannan tafiyar ta nuna mini shigar da ita gari ba tare da an girgiza kowa ba ya fi wuya. Na isa ɗaki na kwanta da takalmina, katifar ma ji nake tana lilo.