Waƙar da Kaka Ta Ƙi Ji

Har yau in na ji ana kaɗa nono a gora, sai raina ya ɓaci. Za ka ce me ya haɗa nono da ɓacin rai? Kakata ce, mahaifiyar babana, da 'yarta ta fari, goggona.

Gidanmu a Roni yake, Fulani ne da suka zauna. Shanun sun ragu, amma kunyar tana nan daram. Goggo kuwa Allah ya yi mata murya. Tun tana Islamiyya ita ke jan ƙasida ran Mauludi, mata su yi ta share hawaye da bakin mayafi. Karatun Larabci ya kai ta Misra, a can wani malami ya koya mata waƙar Larabawa da molonsu. Daga nan Turawa suka ji ta, irin masu kiɗan nan da makaɗa ke zama jingim, kowa da goge a kafaɗa, wani yana gabansu yana kaɗa ɗan tsinke. Ta koyi tasu, ta riƙa haɗa biyun a waƙa ɗaya. Duniya ta tafa mata har ta gaji, amma ita abin da take nema bai wuce Kaka ta ce mata "na ji" ba.

To ina! Ka dai san kunyar ɗan fari. Kaka ba ta kama sunan Goggo, ba ta yaba mata, ko ido ba ta haɗawa da ita. In zancenta ya zama dole, sai ta ce "waccan".

Wata damina Goggo ta zo da kaset. Bayan la'asar ruwa ya ɗauke, ƙasa na ƙamshi, Baba ya sa sabon batir a rikoda, muka zauna a ƙarƙashin rumfa. Gogunan Turawa suka fara a hankali, sai muryar Goggo ta shigo da Larabci tana lanƙwasa, sannan ta hau sama, ta ƙara hawa, har tsikar jikina ta tashi. Nan take Kaka ta miƙe ta gyara zane.

"Bari in duba maraƙin nan," in ji ta.

Maraƙin da ya ƙoshi yana kwance abinsa! Goggo ta kafa wa ƙofar ido har kaset ya ƙare. Haka aka yi ta yi duk zuwanta: yau maraƙi, gobe tukunya, jibi alwala ba lokacin salla ba. Ina yarinya, amma abin yana cina ƙwarai.

Wata safiya da bazara na zagaya bayan ɗaki, na tarar da Kaka tana kaɗa nono tana rera wani abu ƙasa-ƙasa. Waƙar ce, tun daga farko. Larabcin duk a karkace, wajen gogunan kuma da hanci take yin sa. Ashe duk tashin nan da take yi, bayan zana take laɓewa.

"Kaka, ai waƙar Goggo ce!"

"Ke tafi can. Gora ne ke ƙara."

Da Goggo ta dawo na kai mata labari da gudu, ina zaton za ta yi tsalle. Sai ta shafa kaina.

"Na gode, 'yata. Amma ba daga bakinki nake son ji ba."

Da ciwon ajali ya kwantar da Kaka, Goggo ta bar wasannin da aka shirya mata a Turai ta taho. Ta zauna bakin gado ta rera waƙar, ba kiɗa, ba rikoda. Wannan karon babu ƙafar zuwa duba maraƙi. Na ga leɓen Kaka yana motsi tare da waƙar, wallahi na gani. Da aka kai ƙarshe sai ta juya fuska bango.

"Ku ba baƙuwa ruwa, ta sha hanya."

Ji na yi kamar in girgiza ta. "Na ji" kawai, kalma biyu fa! Bayan 'yan kwanaki ta cika, ba ta faɗa ba.

Yanzu uwa na rungumar ɗan fari a tsakiyar biki, ta kira sunansa gatsal, ta sa hotonsa a waya. Tsofaffi na ta mita wai kunya ta ƙare. In sun fara, ni dai ba na tanka musu.

Goggo ta tsufa, tana zaune a Kazaure, muryar ta dushe. Da ƙaramar sallar bana na je gaishe ta, na tarar ta sa an nemo mata gora cike da nono. Ta turo min shi.

"Zauna ki kaɗa. Ki rera min yadda take rerawa."

"Goggo, ai duk kuskure ne."

"Har da kuskuren nake so," ta ce, ta lumshe ido. "Kada ki gyara ko ɗaya."