Ranar da jakin Baba ya zo shi kaɗai

Ƙarfe bakwai na safe ake jin ƙarar amalanken Baba mai kwasar shara a bakin layi, shi a gaba, jakinsa na biye. Shekara goma sha tara suna tare, ba a taɓa ganin bulala a hannunsa ba. In sun iso hawan bayan makaranta, sai ya sauke buhu biyu ya saɓa a kafaɗa, wai kada kaya su yi wa ƙanensa yawa. Haka yake kiran jakin. Mun sha tsokanarsa cewa ba mu gane wane ne maigida a cikinsu ba, shi dai sai murmushi.

Jakin kuwa ya haddace ƙofofinmu kaf, ba sai an ce masa tsaya ba.

Wata Talata cikin watan jiya, Inna mai ɗinki ta fito da kwandon shararta, ta tarar da jakin tsaye a ƙofarta, babu Baba. Ba ta taɓa ganin ɗayansu ba tare da ɗayan ba. Ta leƙa kwandon maƙwabta, ta gan shi cike. Na gaba ma haka. Sai ta riƙa bin kwandunan da ba a juye ba, ƙofa bayan ƙofa, ta hanyar da jakin ya biyo, har ta kai wanda aka juye. Nan ta ga Baba kwance a lungu, jiri ya kayar da shi, ko motsi ba ya yi. Aka garzaya da shi asibiti, likita ya ce da an ƙara awa ɗaya, da sai dai wani labarin.

Da ya buɗe ido a asibiti, 'yarsa na gefe tana kuka, ya dube ta ya ce, "An ba ƙanena ruwa?"

Ranar duk layin nan muka yi ajiyar zuciya.

Kai ne, Baba, ka share mana ƙazanta shekara da shekaru, da yawanmu ko sannu ba mu ce maka ba. Kai ka nuna mana alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, ko a kan jaki aka yi shi. Yanzu likita ya ce ka huta, kai kuma ka ce ba za ka huta kai kaɗai ba, kun ajiye aiki tare.

Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Duk mai dabba ko abokin aiki, ya koyi sauke masa buhu biyu a wurin hawa. Batun ruwa kuwa, kwantar da hankalinka, Baba. An ba shi, har layi muka yi da bokitai.