Gorar da Ta Iso Utako Bayan Rasuwar Dakta Zaid

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, Dakta Zaid Mato ya yanke jiki ya faɗi a ofishinmu a nan Abuja. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. A mahaifarsa Abaji aka yi masa sutura.

Oga, kullum ina yi maka tsiya: ɗan manomi, ko iyo ba ka iya ba, amma ka ɗora wa kanka teku. Aikinka shi ne lissafa yawan ruwan saman da ke nutsewa ƙasa a wani garin masunta na bakin teku. Kakan zuba wa kwamfuta bayanan damina na shekaru da irin yashin wurin, ita kuma ta nuna abin da rijiyoyi ke samu. Ka sha faɗa mana cewa wannan ruwan ne ke tare teku a ƙarƙashin ƙasa. In aka zuƙi fiye da abin da damina ke mayarwa, gishiri zai shiga rijiyoyi, kuma fitarsa sai an sha wuya.

Duk wata Mama Clara, shugabar matan garin, takan aiko maka da gorar ruwan rijiyarsu a motar haya. Da kanka kake zuwa tashar Utako, ka kurɓa a gaban direba kafin ka kai ɗakin gwaji. Na ce wata rana cikinka zai ɓaci. Ka ce, "Felicity, shi fa 'ya'yansu ke sha."

Alhamis mai zuwa kwamitin ba da izini zai zauna kan buƙatar wani kamfani na haƙa manyan rijiyoyin burtsatse a garin. Lissafinka ya nuna ƙasar ba za ta ɗauka ba, kuma da kai ne za ka tashi ka faɗa. Yanzu aikin ya dawo kaina. Ko makokinka ba a share ba, har an fara raɗa mini cewa lissafin kwamfuta ai hasashe ne. Wallahi raina ya ɓaci. Tsoro kuma nake ji, don ni ba ni da sanyin bakinka.

Jiya direban ya kira wayarka, maiɗakinka Hajiya Nana Aisha ta ɗauka tana kuka, ta turo shi gare ni. Na je Utako. Ya miƙo gorar, ya tsaya yana kallona, na gane abin da yake jira. Na kurɓa. Oga, ruwan ya fara gishiri-gishiri, tun ba a haƙa ko ɗaya ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta. Hajiya da yara da mutanen Abaji, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mama Clara kuwa, har yanzu na kasa kiranta.

Gorar na kan teburinka. Ranar Alhamis zan shiga da ita, da lissafinka, da kofuna. Kowa sai ya kurɓa kafin ya sa hannu.