Yaya Ya Dawo Daga Sudan Bai Kawo Kowa Ba

A gidanmu da ke Rikoto, cikin garin Zuru, idan mutum ya dawo daga tafiya ba a fara tambayarsa biredi ko lemo. Da ya sha ruwa sai Baba ya gyara zama a kujerarsa ya ce, "To, wa ka kawo muna?" Sai matafiyi ya miƙe a tsakar gida ya kwaikwayi mutanen da ya gani: direba, mai tallan maganin basir a cikin mota, matar da ta yi faɗa a kan kazarta. Ko kasuwar Mahuta ka je, dole ka kawo mutum ɗaya.

Kakanmu ne ya faro abin. Tsohon soja ne, an ce ya sha horo a bariki saboda kwaikwayon tafiyar wani samanja, amma bai daddara ba. Baba ya gaji sojan ya gaji tsiyar. Idan ya ɗauki muryar fastonmu, Mama tana madafa sai ta amsa "Amin" kafin ta gane mijinta ne, ta fito da muciya a hannu. Ni murya kawai nake iyawa, jikina ba ya bi na. Wana kuwa, wanda muke kira Yaya, ya fi mu duka. Shi ko baki bai buɗe ba, daga tafiya kawai za ka san wa yake yi.

Yaya ma soja ya shiga. A shekarun nan bayan shekara ta dubu biyu da aka riƙa kai sojojinmu Sudan aikin kiyaye zaman lafiya, aka tafi da shi tare da amininsa, wani ɗan garin Dabai da suka shiga aiki rana ɗaya. Aminin bai dawo ba, a can aka binne shi. Mun ji labarin tun kafin a ba Yaya hutu.

Ranar da ya iso maƙwabta suka cika gidan, kowa ya san akwai kallo. Ya sha ruwa, Baba ya yi tambayarsa ta kullum. Yaya ya dubi ƙasa ya ce, "Ba kowa, Baba." Ya ɗauki jakarsa ya shiga ɗaki. Maƙwabta suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Gaskiya na ji tsoro. Mu mutanen Zuru mun san irin wannan dawowa. Akwai waɗanda suka je Laberiya suka komo da ƙafa da hannu lafiya lau, amma har yau suna zaune gindin mangwaro wurin masu burkutu suna magana su kaɗai. Duk sanda na wuce su a hanyata ta zuwa makarantar da nake koyarwa, sai in ga fuskar Yaya a cikinsu. Ba ya faɗa da kowa, yana cin abinci kaɗan, yana zuwa coci. Sai dai idan ana dariya, kallonmu yake kamar baƙon da ba ya jin yaren gidan.

Na yi dabara. Wata rana da yamma na tsaya gabansa na kwaikwayi hedimastanmu, na ɓata shi da gangan. Da can Yaya ba ya iya ganin an yi kwaikwayo ba daidai ba, sai ya ture ni ya ce, "Kauce, kin kashe mutum, ga yadda shike." A ranar ya kalle ni har na gama, ya ce, "Kin iya." Na shiga bayan rumbu na yi kuka.

Hutunsa ya kusa ƙarewa sai ga wata tsohuwa ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar gidanmu da hantsi, da ƙullin gyaɗa a ka. Uwar aminin ce daga Dabai. Na raɗa wa Mama mu ce ba ya nan, ta watso mini harara, ta shimfiɗa tabarma ta kira shi.

Bayan gaisuwa tsohuwar ta ce, "Ɗana, an kawo mani jakarshi, an hwaɗa mani inda ya kwanta. Amma ba wanda ya hwaɗa mani yadda shike zamne can. Shina cin abinci? Shina da abokai?"

Yaya ya miƙe. Na ɗauka ɗaki zai koma, har na fara tunanin abin da zan ce wa tsohuwar. Sai ya tsaya a tsakar gida, ya sa wuyan hannayensa biyu ya ja wandonsa sama, kamar mai laka a tafin hannu. Ya karkata kafaɗa ɗaya.

Baba ya damƙe hannun kujera. Mun kwaikwayi fasto, mun kwaikwayi surukai, amma ba a taɓa kwaikwayon mamaci a gidanmu ba, balle a gaban wadda ta haife shi. Ni dai addu'a nake a raina kada matar nan ta faɗi, kada kuma ta tsine masa, don na san in ta yi haka Yaya ya tafi ke nan.

Yaya ya tsuguna ya ɗebi ƙasa, ya murza, ya shaƙa, ya ɗanɗana da harshe, ya tofar. Sannan da wata murya mai kauri da ba tasa ba ya ce, "Wagga ƙasa ake ma hwaɗa? Ko gujiya ba ta yi nan! A ba ni Dabai, ku riƙe kayanku." Ya bi wani sojan da ba mu gani yana roƙon ragowar shinkafarsa, yana rantsuwa cewa ta uwarsa ta fi wannan sau goma, yana kuma ci.

Tsohuwar ta toshe baki da gefen zane. Kafaɗunta suka fara rawa, ban san kuka ba ne ko me, sai da dariyar ta ƙwace mata. "Shi na! Haka ubanshi ma ka lasar ƙasar gonar mutane!" Tana dariya hawaye na bin kumatunta. Baba ya saki kujera.

Yaya ya tsaya yana haki, fuskarsa jiƙe sharkaf. Tsohuwar ta share ido ta ce, "Ɗana, tahi ƙohwa. Ka shigo mani kamar ya dawo daga gona."

Ya fita. Muka zuba wa ƙofar ido, ba mai motsi. Can sai ga shi ya shigo, kafaɗa a karkace, yana jan ƙafar hagu kaɗan, yana kiran "Inna, akwai tuwo?" Tsohuwar ta matsa gefe a kan tabarmar, ta buga wurin da tafin hannu, ya zo ya zauna.