Farfelar Baba Garba ta Furfuri

A shekara ashirin da wani abu da na yi ina sayen tsofaffin ƙarafa a Gusau, akwai wata safiyar Juma'a da har yau ba ta bar raina ba. Ina ba ku labarinta ne, ku da kuka shigo sana'ar gwangwan bayanmu, don ni ne mai laifi a ciki.

Tare muka fara tura baro ni da Malam Isiya na Tsafe. Allah ya buɗa mini, na kai ga fili da sikeli biyu da leburori, ina loda tirela zuwa Kano. Shi kuwa yana nan a 'yar rumfarsa. Amma duk inda aka zauna, sunansa ake kira. Ni in na ga ƙarfe nauyinsa nake gani, shi sai ya gaya maka daga jikin me ya fito da zamanin da aka ƙera shi. Wannan abu ya daɗe yana cina.

Bayan girbin gero, wata Laraba, na tarar ana zancensa a tasha. Wai Isiya ya gano reshen farfelar jirgin yaƙi a Furfuri, gidan wani tsoho, Baba Garba. Irin jiragen Yaƙin Duniya na Biyu ne, masu ɗaukar mutum ɗaya, farfela a hanci, bindigogi a fukafukai, waɗanda ke sauka Kano su sha mai su nausa gabas. Mahaifin tsohon ya yi leburanci a filin jirgin, da aka sallame su ya taho da reshen wata farfela da ta lanƙwashe. Isiya ya yi alkawarin kafa ta a gaban rumfarsa, bakin titi, da sunan mahaifin a rubuce.

Wani direba ya dube ni ya ce, "Alhaji Mamman, kai da tirelarka ba ka taɓa sayen jirgin sama ba, ga Isiya da baro ya riga ka."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Abincin rana dai ban iya ci ba.

Ga wanda bai san ƙa'idarmu ba: in ɗan'uwanka ya taya kaya, mai kaya bai ce albarka ba, to cinikin nasa ne har a rabu. Ba ka shiga. Addini ya hana, sana'a ta hana. Isiya ya taya, tsoho ya ce ya dawo Juma'a, sai ya shawarci ƙanensa. Duk na san haka, kuma ranar Alhamis da hantsi na tuƙa motata zuwa Furfuri.

A zaure na ga farfelar, jingine da bango. Ta kai ni tsawo, ta yi fari don shafar hannu, ɗan baƙin fenti ya saura a gindi wajen lambobi. Na kara mata mayen ƙarfe, bai kama ba. Sanholo ne, wato alminiyam, mai kyau irin wanda ban taɓa riƙewa ba.

Baba Garba ya ce, "Kai ɗan wa?"

"Abokin Isiya ne, Baba. Tare muka tashi."

"To, shi ya aiko ka ke nan. Ai mun gama shawara, mun yarda. Yaron kirki. Wanga abu, da anka gama yaƙi Baba ya zo da shi."

Ban ce shi ya aiko ni ba. Ban kuma ce ba shi ba ne. Na ba shi abin da ya fi tayin Isiya, ya yi ta sa albarka, muka naɗe ta da buhu.

Sai a hanyar komawa Gusau hankalina ya dawo. Ina zan kafa ta? Duk Gusau an san cinikin wa ce. Na sayi abin da ba ni da bakin nunawa. Da na isa fili leburori sun tafi sallar la'asar, sai na tura ta ƙarƙashin tulin sanholo, na rufe da tsofaffin tukwane, na ce bari ƙura ta lafa.

Abin da na manta shi ne dokar da ni da kaina na kafa. A filina kaya kashi uku ne: baƙin ƙarfe, jan ƙarfe, sanholo. Duk abin da ya kwana a tulin sanholo, in ya fi kamu biyu, da sassafe ake yanka shi don ya shiga buhu, ba a jiran izinina. Na taɓa korar mutum a kan ya tsaya tambaya. Ɗanjuma, shugaban leburorina, dattijo ne mai bin doka.

Juma'a wajen ƙarfe tara na iso. Na tarar da Isiya a bakin fili, da Baba Garba cikin farar riga ta zuwa masallaci, riƙe da hoton mahaifinsa a leda. Isiya ya je Furfuri da wuri, aka ce masa ai abokinka ya zo ya ɗauka, tsoho kuma ya ce sai ya biyo shi ya ga inda za a kafa. A bayansu injin yanka na ta ƙara.

Na yi ihu, "Ɗanjuma, kashe!"

Ya kashe. Ya ce, "Alhaji, wannan dogon ne? Tauri gare shi, sai da ya ci mini faifai biyu."

Gida huɗu ya yi ta.

Na zaci Isiya zai zage ni, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Ya tsuguna ya jera guntayen a ƙasa yadda suke, ya dube ni ya ce, "Mamman, da ka ce kana so, ai da na bar maka. Filinka ya fi rumfata jama'a."

Baba Garba bai dube ni ba. Ya shafa wurin yankan da yatsa, ya ce, "Daga tashar jirgin ƙasa ta Gusau har gida a ka ya ɗauko ta, da ƙafa. Ko da munka yi shekarar yunwa, maƙera sun nema, ya hana." Ya ɗauki guntun gindin mai lambobi ya rungume. "Wanga ɗaya nika so. Ku auna sauran."

Ba wanda ya auna. Na sa aka kai masa duka har gida, na bi shi na ba da haƙuri a gaban ƙanensa. Ya ce ya yafe. Dattawan sana'a suka zauna, suka hana ni sayen kaya a ƙasar Bungudu, inda Furfuri take, har damina ta wuce, ban yi musu ba. Mai walda ya gwada haɗa ta, ya ce irin wannan sanholon ba ya karɓar wuta.

Abin da na koya ke nan. Kayan da muke saye, kafin su zo sikeli na wani ne, kuma wani lokaci ba don kuɗi yake rabuwa da su ba. Ku tambayi mai kaya labarinsu kafin ku taya. In ɗan'uwanku na ciniki, ku koma gefe ko da ranku na ƙuna. Ba zan yi muku ƙarya in ce ƙyashin Isiya ya bar ni ba, har gobe in an yabe shi ina jin wani abu a ƙirji. Sai dai yanzu in na ji shi, mukullin mota nake miƙa wa Ɗanjuma, in ce kada ya ba ni sai gobe.