Na Karanta Gindin Gwangwanin, Na Yi Shiru

A shekarar da abin ya faru ban daɗe da gama karatun shari'a ba, ina zaune a gidanmu a unguwar Zariya ta Maraɗi ina jiran aiki. Rubutun da na yi na kammala karatu a kan dokar kare haƙƙin mai saye ne, kuma malamai sun yaba. Sai dai ni mace ce mai ɗari-ɗari. Ko ƙarfe nawa aka tambaye ni sai na duba agogo sau biyu, sannan in ce wataƙila. Wannan halin ne ya kusa ja wa kawuna asarar noman rani guda, shi ya sa na rubuto muku.

Kawu yayan mahaifiyata ne, manomin tumatir a Jiratawa, bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Wata safiya bayan ɗaukewar damina ya biyo ta gidanmu ya ce in raka shi sayen iri, don rubutun jikin gwangwanin irin Faransanci ne. Yana tsokanata wai yau za a ga amfanin bokon lauyar gidansu. Mai shagon dattijo ne, abokin marigayi babana. Ya kira ni ɗiyata, ya tambayi lafiyar mahaifiyata, ya ba ni kujerarsa. Na karanta wa kawu sunan irin da ƙasar da ya fito. Da na juya gindin gwangwanin sai na ga ranar ƙarewarsa ta wuce da daɗewa. Nan take na fara yi wa kaina gardama: wataƙila ranar da aka rufe shi ce, wataƙila iri ba ya lalacewa kamar magani, kuma ta yaya zan kunyata abokin babana a gaban masu saye? Kawu ya tambaye ni ko lafiya lau ne, na ce da alama lafiya. Faktir ma ban nema ba, domin a wurinmu ka nemi takarda a hannun wanda ya san iyayenka kamar ka ce masa ba ka yarda da shi ba ne.

Bayan kwana goma labari ya zo cewa fangalin da kawu ya zuba irin bai fito ba, sai ɗai-ɗai kamar gemun saurayi. Maƙwabtansa na maganar dashe, shi yana kallon ƙasa. Ya ce ƙaddara ce, ko kuma tururuwa ta kwashe. Kwana biyu na yi abinci ba ya shiga, na uku na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa na faɗa masa abin da na gani. Ya ce shi ya ɗauka da ɗan jagora ya tafi, ashe makafi biyu ne suka je kasuwa. Ya kuma ce in bai sake zuba iri a cikin makon ba, zafi zai riski tumatirin kafin ya yi 'ya'ya, shekarar ta tafi ke nan.

Na ce a mayar da maganar ga mai shagon, amma ba takarda, kuma kawu ya ce gwangwanin ya wurga shi bayan gida. Matarsa da ke jin mu ta yi dariya, ta shiga madafa ta fito da shi cike da gishiri. Ta ce yaushe mace ta taɓa ganin gwangwani mai murfi a ƙasa ta wuce shi? Ni da na rubuta shafuka a kan muhimmancin shaida ban adana komai ba, ita ce ta adana.

Na kira wata malamarmu da ke taimaka wa wata ƙungiyar masu saye. Ta ce doka tana tare da mu, domin haƙƙin mai saye ne a faɗa masa gaskiyar abin da yake saye, amma kafin kotu ta gama zama lokacin tumatir ya wuce. Shawararta ita ce mu je da sassafe kafin mutane su taru, in ajiye gwangwanin, in karanta ranar, kada in sa wataƙila ko ɗaya a maganata.

Haka muka yi. Na ajiye gwangwanin, na karanta ranar. Dattijon ya sa aka sauko da ragowar kwalin, ya ce in duba, duk ranarsu ɗaya. Ashe shi ma ba ya karanta Faransanci, haka aka kawo masa kayan ya karɓa. Bai yi musu ba. Abin da ya tambaye ni kawai shi ne me ya hana ni magana ranar, har na bar abokin babana ya sayar wa mutane mataccen iri. Ya ce wannan ba kara na yi masa ba, kunyar ce na ajiye masa ta ƙara girma. Ya ba kawu sabon gwangwani, ya sa na karanta gindinsa sau biyu da ƙarfi, ya kuma aika wa wasu manoma a Tsibiri da suka sayi irin su zo a canza musu. Tumatirin kawu ya makara kaɗan, amma ya yi.

Har yau ina gode wa Allah, ina gode wa mutanen nan huɗu, domin babu wanda ya bar ni da laifina a ka. Ba zan ce na daina ɗari-ɗari ba. Abin da na fahimta dai shi ne doka tana nan a rubuce, amma ba ta da baki, sai wanda ya san ta ya ara mata nasa. Ga masu saye, ku juya gindin kaya ku duba, ku nemi faktir, kada ku yar da gwangwani sai kun ga abin da ya fito. Ga 'yan'uwana da muka yi boko, idan dattijo ya tafi da ku don ku zama idonsa, ku faɗi abin da kuka gani a lokacin da kuka gan shi.

Na so in riƙe gwangwanin don tunawa, matar kawu ta ce a'a, in nemi nawa. Yana can madafarta, da gishiri a ciki.